Yaron da Aka Tura Oregon

New York, 5 ga Maris, 1984

Inna Wilma,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan sanyin Toledo bai taɓa miki gwiwa ba bana. Ni lafiya lau, in ban da murar da ta ƙi sakina tun Janairu. Na san rabona da rubuto miki tun rasuwar Kawu Stan, na kuma san za ki ce ruwa ba ya tsami banza. Gaskiyarki, buƙata ce ta taso. Da waya zan buga, Mama ta ce kunnenki ya daina shiri da waya.

An ɗauke ni aiki a Bakin Gada. E, wasanki na talabijin na ƙarfe biyun rana. Mu shida ne marubuta, ni ce auta. Kwantiragin na sati goma sha uku ne, haka ake yi wa kowa har 'yan wasan, in wa'adi ya cika ko a sabunta ko a sallame ka. Masu kallo sun ragu, kamfanin sabulun da ke ɗaukar nauyinmu ya fara ɗaure fuska. Shugabanmu, Mista Lasker, ya ce wanda ke son ya kai kaka a nan ya tono masa wani abu daga tsohon tarihin wasan, abin da zai dawo da matan da suka gudu.

To tarihin ne babu. Shekarun farko kai tsaye ake watsawa. Da aka fara ɗauka a kaset, sai su goge na jiya su ɗora na gobe a kai. Takardun kuma ruwa ya cinye su a ɗakin ajiya. Ita kanta mai fitowa a matsayin Marian Holt, ita ce ta uku da ta hau matsayin, ba ta san komai ba kafin 1971.

Ni kuwa na tuna littattafan nan naki da ke cikin kwalin takalmi, waɗanda kike rubuta abin da ya faru kullum. Ki ba ni aronsu, don Allah. Zan riƙe su da hannu biyu.

'Yarki,
Paulette

Toledo, 14 ga Maris, 1984

Paulette,

Na ga takardarki. Gwiwa tana nan yadda kika san ta, kyanwa ta yi ƙiba, Fada, limamin cocinmu, ya tsufa har yana maimaita huɗubar makon jiya. Murarki kuma rashin ɗankwali ne, tun kina ƙarama ba kya rufe kai.

Ashe ke ce za ki riƙa sa wa Marian magana a baki! Ke da kika taɓa ce mini wasan matan da ba su da aikin yi ne. Ba su da aikin yi? Na goge rigunan Stan na shekara talatin da ɗaya a gaban wasan nan. Tun yana rediyo nake binsa, minti goma sha biyar, rabi kiɗan ogan irin na coci, rabi wani mutum yana lallaɓa mu mu sayi garin wanki. Daga nan maza suka laƙaba masa suna wasan sabulu don su yi mana dariya, su da kansu in sun dawo daga masana'anta sai su tambaya ko an gano wanda ya harbi likita. A layinmu, ƙarfe biyu ko gobara ake yi ba mai buga ƙofar wani. Fadan da ya gabata sai da ya ɗage taron mata zuwa ƙarfe uku, don kujeru kawai yake yi wa wa'azi. Shekarar da aka sami ƙari a ƙirjin Marian, mu tara muka je asibiti gwaji a sati ɗaya, aka sami na Dolores Nowak da wuri, ga ta nan har yau tana damun mutane.

Na aika miki kwalin ta gidan waya, littafi arba'in da uku. Kada ki ɗora musu kofin shayi. Guda huɗu masu koren bango, na 1958 zuwa 59, na mahaifiyarki ne, lokacin da take kwance a asibitin tarin fuka. Ki ware su gefe. Na so in cire su, sai na ga na riga na ɗaure kwalin, yatsuna kuma ba sa kwance ƙulli yanzu.

Abu ɗaya za ki yi mini. Ki ce wa wancan Lasker ɗin ya daina aika yara sama su ɗauko takalmi suna shekara shida su sauko suna ashirin da gemu. Muna gani, ba makafi ba ne mu.

Innarki,
Wilma Dombrowski

New York, 2 ga Afrilu, 1984

Inna Wilma,

Gaisuwa mai yawa. Mura ta tafi, na sayi ɗankwali, sai ki kwantar da hankalinki. Kwali ya iso lafiya.

Na ware koren littattafan kamar yadda kika ce, in na gama zan kai wa Mama kayanta da hannuna. Amma Inna, ai su ne suka fi daɗi! Ban san ke ce kike rubuta mata wasan kullum kina kai mata ranar Lahadi ba saboda babu talabijin a ɗakin masu jinya. Ina shekara uku lokacin, abin da na iya tunawa kawai gidan kakata da warin kabeji.

A cikinsu na tsinci abin da nake nema. Ashe Marian tana da ɗa! Toby, jan gashi, wanda ya yi ciwon ƙirji yana jariri ya warke, ya fara tafiya a kicin yana riƙe da ƙafar tebur, daga baya aka tura shi wurin kakarsa a Oregon saboda iskar can. Daga nan ba a ƙara ambatonsa ba, na duba littattafan da suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya. Marubutan lokacin sun manta da shi kawai. Shekara ashirin da huɗu ke nan yaro yana Oregon!

Na kai wa Mista Lasker. Mutumin da bai taɓa riƙe sunana ba sai ga shi ya miƙe tsaye yana cewa, "Wannan yarinya, ina kika ɓuya?" An riga an ɗauki ɗan wasan da zai fito a Toby. Ranar Juma'a, 18 ga Mayu, zai buga ƙofar Marian ya ce, "Mama, kin manta da ni?" sai a sa kiɗa a rufe. Sirri ne, mun sa hannu ba za mu faɗa wa kowa ba, ko Mama ban gaya wa ba. Ke kaɗai, don ke kika ba ni.

In akwai wani abu game da shi da ba ki rubuta ba, ki sanar da ni kafin ƙarshen wata, daga nan ba a canza komai.

Paulette

New York, 30 ga Mayu, 1984

Inna Wilma,

Sannu da jiki. Mama ta gaya mini kin faɗi a matakalar coci, ƙugu ya karye, an yi aiki. Na aika kati asibiti, ban sani ba ko ya same ki. Na ɗauka shirun da kika yi kan takardata ta Afrilu yana nufin babu abin ƙarawa. Allah ya ƙara sauƙi.

Ba don dole ba da ban dame ki kina jinya ba. Toby ya buga ƙofa kamar yadda aka tsara. Kafin Laraba wasiƙu sun cika buhu biyu, yau buhu biyar. Duk magana ɗaya suke yi: Toby ya mutu. Wai ya mutu yana da sati bakwai, a watan Oktoban 1958, an yi jana'iza ana ruwan sama, Marian ta faɗi a bakin kabari. Wata mata daga Iowa ta aiko da kwafin katin ta'aziyyar da ta aika wa Marian a lokacin, da amsar da gidan talabijin ya ba ta. Wata ta ce ta saƙa masa hula kafin a haife shi. Wata kuma ba ta rubuta komai ba sai kalma ɗaya, "Maƙaryata."

Mista Lasker ya koma kirana "ke". Ya ce wasan nan ya tayar da matattu bakwai ba wanda ya yi ƙorafi, amma bai taɓa nuna wa duniya cewa bai san tarihin kansa ba sai a kaina. Wa'adina zai cika 8 ga Yuni. Na nuna masa littafinki, ya ce rubutun wata tsohuwa ne, shi buhu biyar gare shi. Na roƙe shi, ya ƙara mini sati biyu.

Tsofaffi suna rikita wasa da wasa, na san wannan. Ke kuwa a ranar kike rubutawa. Ki rubuto mini takarda ki sa hannu, cewa abin da ke cikin koren littafi shi ne abin da aka nuna. Layi uku ya isa.

Paulette

Toledo, 6 ga Yuni, 1984

Paulette,

Na dawo gida shekaranjiya da sanda mai ƙafa huɗu. Ƙugu yana haɗuwa a hankali. Maƙwabciyata ta tara mini wasiƙu a leda tun ranar da na faɗi, jiya na buɗe naki biyu a zama ɗaya, ta Afrilu da ta Mayu. Da na ga ta Afrilun a kan lokaci da ba a kai nan ba. Aikin gama ya gama.

Na ga Toby naki kafin in ga takardarki. Mu goma sha ɗaya ne a ɗakin masu koyon tafiya, an jera mu gaban talabijin kamar kajin kasuwa. Da ya ce "Mama", wata tsohuwa da ba ta yi magana ba tun da aka kawo ta ta ɗaga murya ta ce, "Kai, ƙarya kake, mun binne ka!" Ɗaki ya kaure. Ni kaɗai na ƙura wa talabijin ido, har nas ta zo ta taɓa goshina.

Ba zan sa hannu a takardar nan ba. Matan suna da gaskiya. Toby ya mutu, an yi ruwan sama, Marian ta faɗi. Na gani da idona, na ƙona rigar Stan a ranar. Na ce miki ki ware littattafan gefe, nufina kada ki buɗe. Laifina ne da ban faɗa da baƙar magana yadda na saba ba.

Ga abin da ba a gaya miki ba. Mahaifiyarki da ciki ta shiga asibitin nan. Ita da Marian tare suka ɗauki ciki, muna ta yi mata tsiya wa zai riga sauka. Ta haihu a watan Satumba, namiji, aka sa masa Casimir. Saboda tarin, ba a bari ta taɓa shi ba, sau ɗaya ta gan shi ta bayan gilashi. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Mahaifinki ya ce kada a ƙara ambatonsa, a lokacin kuma in namiji ya faɗi haka shi ke nan. Loretta, mahaifiyarki, ta daina cin abinci. Abu ɗaya take tambayata ranar Lahadi: "Yaya ɗan Marian?"

Bayan sati uku marubutanku na wancan zamani, Allah ya saka musu, suka kashe Toby. Na zauna da biro a hannu na kasa. Sai na rubuta zazzaɓi ya sauka. Washegari dole in rubuta ya sha nono. Ƙarya kuwa haka take, kullum sai ka ba ta abinci. Wata goma sha huɗu ina renon yaron nan a takarda, na fito masa da haƙori, na koya masa tafiya. Jan gashin ni na ba shi, talabijin baƙi da fari ce, wa zai ƙaryata ni? Casimir ne mai jan gashi, irin na kakanku. Da aka kusa sallamarta na ga za ta kunna talabijin ba ta ga yaro ba, sai na tura shi Oregon, don shi ne wuri mafi nisa da na sani. Ta dawo gida ba ta ƙara kallon wasan ba, ba ta kuma taɓa tambayata ba. Ni ma ban tambaye ta ba.

Yanzu maganar aikinki. Wannan Lasker bai san masu kallonsa ba. Ba dawowar yaron ce ta ɓata musu rai ba, mun sha karɓar wanda jirgi ya faɗi da shi ya dawo da sabuwar fuska. Abin da ya ƙona su shi ne Marian ta buɗe ƙofa kamar ba ta taɓa zuwa maƙabarta ba. Mata sun yi kuka a 1958 da hannu cikin ruwan wanki, ku kuma kun ce musu ba a yi ba. Ki mayar musu da jana'izarsu. Bayan nan ki kawo kowace irin ƙarya, musanyen jarirai ne, muguwar nas ce, za su haɗiye har su nemi ƙari.

In kina jin haushina, ki ji. Na ji na kaina shekara ashirin da shida ban mutu ba.

Wilma

New York, 25 ga Yuni, 1984

Inna Wilma,

Ina fatan ƙugu yana ƙara kyau. Ni ƙalau.

E, na ji haushi. Kwana uku ban iya ɗaukar biro ba. Shekarata ashirin da tara, sai a takardar da na nema don in tsira da aiki zan ji ina da ƙane. Ba ke kaɗai nake jin haushi ba, amma ke ce kika bar adireshi, Baba yana ƙasa, Mama kuma ban san ta inda zan fara ba. Na buga mata waya sau biyu, muka yi hirar tumatirinta.

Na gaya wa Mista Lasker littafin ba daidai ba ne, ban gaya masa dalili ba. Ya ce in kwashe kayana. Na ce ya ba ni fitowa ɗaya tak in rubuta kafin in tafi, ya ce ai takarda ba tsada. Na zauna da buhunan nan na karanta wasiƙa ɗari uku da wani abu, daga cikinsu na haɗa jana'izar: ruwan saman, baƙar hula mai raga, farin akwati, takalmin Marian da ya maƙale a laka. Abin da mata ashirin suka yarda a kai shi na ɗauka. Ashe tarihin da muke cewa ruwa ya cinye yana nan a Iowa da Kentucky.

An nuna ranar Alhamis da ta wuce. Marian ta kai saurayin maƙabarta, ta nuna masa dutsen, ta ce, "Ni na zaɓi rigar da aka sa maka. Duk shekara ina zuwa nan. In kai ne ɗana, wa nake kawo wa fure?" Babu kiɗa, na roƙa a bar shi haka. Muguwar nas ɗinki za ta bayyana a Yuli.

Wasiƙu sun fara sauya murya. Matar Iowa ta aiko da kek a gwangwani, an rubuta a kai na Marian ne, masu ɗaukar hoto suka cinye. An sabunta mini sati goma sha uku. Kada ki ɗauka na huce, labari kawai nake ba ki.

Abin da ke damuna yanzu Mama ce. Wani zai gaya mata a kasuwa ko a coci cewa Toby ya dawo daga Oregon, kuma 'yarta ce ta dawo da shi. Ban san abin da ta sani ba, ban san abin da zai yi mata ba. Koren littattafan suna nan a kan teburina. In kawo mata, ko in mayar miki?

Paulette

Toledo, 9 ga Yuli, 1984

Paulette,

Na samu taki. Na fara zuwa bakin ƙofa ba sanda, likita ya ce kada in yi rawar kai. Barka da sati goma sha uku. Takalmin Marian ba a laka ya maƙale ba, a tsakanin katakai ne, amma bari, matan Kentucky sun fi ni yawa.

Kin makara da damuwa. Tun da na dawo gida mahaifiyarki take zuwa Talata da Juma'a ta yi mini wanki ta dafa mini miyar kabeji, gishiri ya yi yawa kamar kullum. Ƙarfe biyu saura kwata take ɗaukar jakarta ta tafi, shekara da shekaru haka take yi a duk gidan da ta san ana kallo. Ni kuma in ta zo ba na kunnawa sai ta fita.

Ranar Juma'ar nan ba ta tafi ba. Ta jawo teburin guga tsakiyar falo, ta ce, "Kunna mana, Wilma, Dolores ta ce yaron ya dawo." Na lallaɓa zuwa gaban talabijin. Na kunna. Aka yi tallan garin wanki, aka yi na man goge ƙasa, sai ga shi ya shigo kicin ɗin Marian, ya buɗe firji ba sallama kamar gidan ubansa. Loretta ta ajiye dutsen guga a tsaye. Ba ta zauna ba, ba ta yi kuka ba, ni dai ina ta kallon hannunta.

Da aka tafi talla ta ce, "Ya yi tsawo."

Na ce, "Ya yi."

Ta ce, "Iskar can ta karɓe shi." Ta ɗauki rigar matashin kai ta goge gefe ɗaya, ta juya ta goge ɗayan. Can ta ce, "Amma sun yi kuskure, baƙin gashi suka kawo. Ja ne gashinsa, ke ma kin sani. Ki rubuta wa Paulette ta sa a gyara."

Ban tambaye ta wanne take nufi ba cikin su biyun. Ta kalli wasan har ƙarshe, ta ce Talata za ta zo da wuri.

Littattafan ki riƙe su tukuna, in kin zo hutun Nuwamba ki kawo mata da kanki, ku zauna, ni zan shiga ɗaki in rufe ƙofa, kunnena ma ba ji yake ba. Maganar gashi kuwa, ban san yadda kuke yi a can ba, ko rini ne ko hular gashi, ko sai an nemi izinin Lasker. Wasan da ya iya tayar da matattu takwas ba zai gagara rina kan yaro ɗaya ba. Ta ce in gaya miki, ga shi na gaya miki. Talata ƙarfe biyu za ta duba.

Innarki,
Wilma